Yadda ake gano abin da ke sa mota jijjiga idan an taka totur, da yadda ake gyara ta

Tambayar da masu mota suka fi aiko mini da ita a 'yan watannin nan, daga Birnin Kebbi da Jega da Argungu har Yawuri, kusan iri ɗaya ce. Mota tana tafiya lafiya lau, amma da zarar an taka totur domin a wuce wata mota ko a hau tudu, sai ta kama karkarwa ko fizga, idan an ɗaga ƙafa kuma ta lafa. Da yawa daga cikin masu tambayar sun riga sun kashe kuɗi kafin su zo: an canza fulogi, an wanke nozul mai fesa wa inji fetur, an yi balansin, wani ma har an sauke masa giyabos, amma jijjigar tana nan daram. Abin da ke jawo wannan asara shi ne sayen kaya kafin a gano inda ciwon yake. Don haka na jera matakan nan daga wanda ba ya cin ko kwabo zuwa wanda ya fi tsada, kuma ina roƙon a bi su a jere, kada a tsallake zuwa na ƙarshe domin wani ya ce tasa motar ma haka ta yi.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: sifanar fulogi, jak da ƙarfen tokare mota, tocila, gorar ruwa mai haske wadda ta bushe sarai, ma'aunin iskar taya, takarda da biro, sai kuma mutum ɗaya da zai taimaka maka.

1. Gwajin hanya, kafin a buɗe bonet

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Bari inji ya yi zafi yadda ya saba, sannan ka nemi miƙaƙƙen titi mai santsi wanda ba cunkoso, domin a kan hanya mai gargada ba za ka iya bambance girgizar mota da ta hanya ba. Wanda ke zaune kusa da kai ya riƙa rubuta gudun da ake yi, da giyar da ake ciki, da inda ake jin jijjigar, ko a sitiyari ne, ko a ƙasan ƙafa, ko a kujera.

Fara da mota a tsaye. Sa ta a firi, ja hambirki, ka taka totur a hankali har allurar inji ta kai kamar 2,500 zuwa 3,000. Idan ta yi jijjiga alhali tayoyi ba sa juyawa, ka cire taya da shaf, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, daga lissafi, matsalar tana ga inji ko robobin da yake zaune a kai. Idan ba ta yi ba, kada ka cire injin daga zargi tukuna, domin akwai fulogi da kwayil (mai ba fulogi wuta) da ba sa nuna gazawarsu sai an ɗora wa inji nauyi.

Daga nan hau titi, ka kai gudun kilomita 40 zuwa 60 a awa a babbar giya, ka danna totur da ɗan ƙarfi. Ka lura sosai da irin abin da za ka ji, domin fizga daban, karkarwa daban. Idan motar tana yi kamar mai shaƙuwa, tana ja tana saki, ƙarfinta ya ragu, to wani silinda ne ba ya kama wuta yadda ya kamata, abin da kanikawa ke cewa mota tana misin. Idan kuwa ƙarfinta yana nan, inji yana kuka daidai, amma gaban motar yana kaɗawa dama da hagu kana jin sa a ƙasan ƙafarka, kuma ya ɓace nan take da ka ɗaga ƙafa, to shaf ne ya fi kusa da zargi. Jijjigar da ke zuwa a wani gudu ayyananne, galibi tsakanin 90 da 110, ko ka taka totur ko ba ka taka ba, ta taya ce. Wadda ke zuwa sai an taka birki ta faifan birki ce, ba ta cikin abin da muke magana a kai. Wadda kuma ke zuwa a lokacin tashi daga tsaye kaɗai, a duba kuloc da robobin inji.

A kula: idan motar otomatik ce, kada ka jefa ta a firi tana cikin gudu domin gwaji. Ɗaga ƙafa daga totur ya wadatar.

2. Fitilar inji da na'urar sikanin

Dubi dashbod. Idan fitilar nan mai siffar inji ta kama, kwamfutar motar ta riga ta rubuta abin da ta gani. Motocin da aka ƙera domin Amurka daga 1996, da masu shan fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar sikanin, kuma kusan duk Corolla da Camry da Accord da ke yawo a garuruwanmu suna cikin wannan rukuni. Kuɗin sikanin bai kai na kwayil ɗaya ba, don haka ya fi sauƙi a biya shi da a yi ta canki-canki.

Lambar P0300 tana nufin misin ɗin ba a silinda ɗaya yake ba. P0301 zuwa P0304 kuwa suna nuna silinda na ɗaya zuwa na huɗu, wato lambar ƙarshe ita ce ta silindan da ke da matsala. P0171 tana nufin iska ta yi yawa a kan mai. Ka rubuta lambobin da hannunka kafin a goge su, domin wasu masu sikanin suna gogewa nan take, fitila ta mutu, mai mota ya tafi yana murna an gyara, bayan kwana biyu ta dawo. Ka kuma sani cewa lamba tana nuna wurin da za a bincika ne, ba ta ce a sayi kaya ba.

Gargaɗi: idan fitilar tana walƙiya, tana kamawa tana mutuwa yayin da motar ke fizga, ka rage gudu ka nufi gareji mafi kusa. Ɗanyen fetur ne ke zuba cikin salansa, kuma yana ƙona matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa.

3. Fulogi da kwayil

A nan ne aka fi samun matsalar idan gwajin hanya ya nuna fizga. Bari inji ya huce sarai kafin ka taɓa fulogi, domin kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, kuma kwance fulogi da zafi yana cinye zaren ramin, aikin minti ashirin ya koma na kwana biyu.

Cire kwayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka haska ramin da tocila kafin ka kwance komai. Idan ka ga baƙin mai ya taru a ciki, gasket ɗin murfin saman inji ne ke yoyo, kuma ko ka sa sabon fulogi zai sake misin muddin ba a canza gasket ɗin ba. Idan ruwa ka gani, ka tuna ko an wanke injin kwanan nan. Na sha ganin mota ta shiga wurin wanki lafiya ta fito tana fizga, saboda an fesa wa injin ruwa mai ƙarfi ya shiga ramukan fulogi. A busar da ramin da iska kafin a kwance, kada ruwa da ƙasa su zuba cikin silinda.

Jera fulogin a kan takarda bisa tsarin silinda, kada ka cakuɗa su, domin kowanne yana ba da labarin ɗakinsa. Mai launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka lafiyarsa ƙalau. Baƙi mai busasshen kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi. Mai danshin baƙin mai yana nuna inji yana shan mai, wanda ya yi fari fat kuma yana nuna zafi ya yi yawa ko fetur ba ya isa. Dubi farin tangaran ɗin ko ya tsage, ka dubi bakin ko ya cinye har tazararsa ta buɗe. Fulogi na gama-gari yakan kai kimanin kilomita 30,000, na iridiyam kuma yakan kai 100,000 idan na ainihi ne, sai dai jabun iridiyam ya cika kasuwa, kwalinsa kyakkyawa, amma ba ya wata uku. Idan za a canza, a canza duka tare, kuma a sayi lambar da aka rubuta wa wannan injin.

Wajen mayarwa, ka fara ɗaura shi da hannu har ya shiga sumul kafin ka sa sifana. Idan ya cije tun farko, ka dawo da shi ka sake, kada ka matsa.

Shi kuwa kwayil, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. A ce sikanin ya nuna P0302. Ɗauke kwayil na silinda na biyu ka kai shi na huɗu, na huɗun ya dawo na biyu, a goge lambar, a sake hawa titi. Idan lambar ta koma P0304, kwayil ɗin ne ya mutu, sai a sayi guda ɗaya. Idan ta tsaya a P0302, kwayil ba shi da laifi, sai a yi wa fulogi irin wannan musayar, bayansa nozul. Idan duk an musanya amma lambar ba ta motsa ba, a auna matsin silindan, domin wataƙila bawul ne ya ƙone. A tsofaffin motoci masu wayoyin fulogi, irin su Golf 3, ka tayar da inji da dare a wuri mai duhu ka duba, wayar da ta fashe za ka ga wuta tana tartsatsi daga jikinta. Kada ka kama ta da hannu inji na aiki.

4. Fetur da iska

Tambayi kanka a ina ka sha mai na ƙarshe. Idan jijjigar ta fara ne jim kaɗan bayan ka sayi mai a galan wurin 'yan bumburutu, ko a gidan mai da damina bayan ruwa mai yawa, a zuƙo kaɗan a zuba a gora mai haske a ajiye minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi a fili, haka ma laka da tsatsa. Idan an samu, sai an juye tankin an wanke shi an canza filtar mai. A yi wannan aiki a fili, nesa da wuta da sigari da janareta.

Famfon mai kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa sun koma shan lita biyar-biyar, allura kullum tana kan ja. Famfon yana cikin tanki ne, kuma fetur ɗin da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi, saboda haka tafiya da tanki kusan wayam a zafin Afrilu, lokacin da Kebbi ke haura digiri 40, tana gajarta masa kwana. Alamar famfo mai rauni ita ce mota ta yi silo lafiya, wato inji na aiki tana tsaye, ta yi tafiyar cikin gari lafiya, amma a kan doguwar hanya ko tudu ta riƙa shaƙewa. Kada a canza shi da zato. A jona ma'aunin matsin mai, yawancin motocin da muke hawa suna buƙatar kimanin 3 zuwa 4 a awon matsi na "bar", kuma abin dubawa shi ne ko allurar tana faɗuwa idan an taka totur.

Buɗe akwatin matatar iska ka ɗaga ta ga rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta toshe, kuma da ƙurar hunturu irin tamu ba a jiran adadin kilomitar da aka rubuta a littafi. Bi babban tiyon da ya taso daga akwatin zuwa inji kana lanƙwasa shi, domin tsagewarsa takan ɓuya a cikin lanƙwasa, ta buɗe sai inji ya motsa lokacin da aka taka totur. Na'urar auna iska da ke jikin tiyon tana da siririyar waya a ciki, ba a goge ta da tsumma ko buroshi, ba a kuma wanke ta da fetur, akwai ruwan feshi na musamman da ake sayarwa dominta.

5. Robobin da inji ke zaune a kai

Kanikawa suna kiran su injin sit. Buɗe bonet, mutum ɗaya ya zauna a mota ya ja hambirki ya danne birki sosai, ya sa giyar gaba ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu, sannan ya yi haka a ribas. Kai kuma ka tsaya a gefe kana kallo. Ɗan motsi ba laifi ba ne, amma idan inji ya yi tsalle ko ka ji ƙarar bugu, roba ta yanke. Wasu suna da ruwa a ciki, za ka ga baƙin tabo ya zubo a ƙarƙashinsu.

Gargaɗi: kada kowa ya tsaya a gaban motar ko bayanta yayin wannan gwaji, kuma a kori yara daga wurin.

6. Shaf

Wannan ne aka fi kuskurewa, kuma ni kaina ya ci mini kuɗi. Shekarun baya motata ta riƙa karkarwa duk lokacin da na taka ta a hanyar Jega, a wani gareji aka canza mini fulogi, aka wanke nozul, aka sa sabon famfo, duk a banza. Wani dattijon bakanike ne ya shiga muka yi tafiyar da ba ta kai kilomita uku ba, ya ce in ɗaga ƙafa, in sake takawa, sannan ya ce, "Alhaji, injinka lafiya yake, shaf ɗinka na ciki ne." Haka kuwa aka samu.

Motar da ke ja da tayoyin gaba tana da shaf biyu, kowanne da gaɓa biyu, ta waje kusa da taya da ta ciki kusa da giyabos. Ta waje idan ta lalace ƙara take yi, ƙas-ƙas-ƙas, lokacin da aka karya kwana, shi ya sa kowa ya san ta. Ta ciki ba ta cika yin ƙara ba, karkarwa take sa mota idan an ɗora mata nauyi, don haka bakaniken da ya juya sitiyari bai ji ƙara ba sai ya ce shaf lafiya.

Ɗaga motar, ka tokare ta da ƙarfe a kan ƙasa mai tauri. Dubi robar da ta rufe gaɓar ciki. Idan ta yage, za ka ga giris ya fantsama a jikin giyabos da kewaye, kuma a hanyoyinmu na ƙasa yashi ya riga ya shiga ya zama kamar dutsen niƙa. Kama sandar shaf kusa da gaɓar ka girgiza ta sama da ƙasa, ka kuma murɗa ta gaba da baya. Shiga da fita kaɗan ɗabi'arta ce, amma lilo sama da ƙasa ko ƙarar ƙwas alamar ta cinye ce. Idan robar ce kaɗai ta yage kuma karkarwa ba ta fara ba, sabuwar roba da wanki da giris sun isa, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Idan karkarwa ta riga ta fara, cusa giris zai ɓoye ta ne na 'yan makonni, canji shi ne magani. Wajen sayen na Beljiyam, a tafi da tsohon a gwada tsawo da yawan haƙora, domin na otomatik da na manuwal sukan bambanta ko da motar iri ɗaya ce. Bayan an mayar, a duba man giya, saboda yakan zuba lokacin da aka zare shaf.

A motocin da ke ja da baya, irin su Hilux da Hiace, abin dubawa shi ne furofela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya: kuros ɗinta da boris ɗin tsakiya. A yi mata alama da fenti kafin a kwance domin ta koma yadda take.

Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokare mota ba ne, yana fashewa ba tare da sanarwa ba.

7. Taya

Tun da mota tana sama, juya kowace taya da hannu kana kallon ko tana da ƙulu ko wili ya lanƙwashe, ka tabbatar notuna sun ɗauru. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da wayarta ta saki a ciki balansin ba ya gyara ta. Idan kana shakka, mayar da na gaba baya, in jijjigar ta bar sitiyari ta koma kujera ka gano mai laifi.

8. Kuloc da giyabos

Sai an cire duk na sama daga zargi ake zuwa nan, domin nan ne kuɗi yake. A motar manuwal, karkarwa lokacin sakin kuloc a giya ta ɗaya tana nuna faifan kuloc ya ƙone, ko baƙin mai ya jiƙa shi daga silin bayan inji. Idan an sauke, a canza faifan da murfinsa da boris ɗinsa gaba ɗaya, a kuma canza silin idan yana yoyo, domin kuɗin aikin saukewa ba abin da za a biya sau biyu ba ne.

A motar otomatik, akwai karkarwar da ke zuwa wajen gudun 60 zuwa 80 da totur kaɗan, kamar ana tafiya a kan ƙananan kunyoyi. Riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu yadda fitilar birki za ta kama kawai. Idan karkarwar ta ɗauke nan take, daga kwanbata take, wato tulun da ke tsakanin inji da giyabos. A yi wannan gwaji inda babu mota a bayanka. Sau da yawa tsufan man giya ne sanadi. Ɗiga shi a farar takarda: ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna ko mai ƙyallin ƙarfe kuwa yana nuna ɓarna ta riga ta auku a ciki. Kuskuren da ya fi kashe giyabos a wajenmu shi ne zuba kowane jan mai da aka samu a shago. Honda tana da nata, Z1 ko DW-1, Toyota tana da T-IV da WS gwargwadon shekarar mota, giyar CVT kuma, wato wani nau'in otomatik, manta daban ne gaba ɗaya. A duba abin da aka rubuta a sandar awon man ko a littafin motar, a juye tsohon ta ƙasa a zuba sabo daidai adadin da ya fita.

9. Sayen kaya da gwajin ƙarshe

Farashin kayan mota yana bin dala ne, yana canzawa daga wata zuwa wata, amma jerinsa ba ya canzawa: matatar iska da fulogi da robar shaf su ne masu sauƙi, sai kwayil da famfo da injin sit, sai shaf, sai kuloc, giyabos a can sama. Ka tambayi shago biyu ko uku, kuma idan kayan sai an aiko da shi daga Sakkwato ko Kano, ku yi magana da mai shagon a gaban bakanike cewa zai karɓa idan bai yi ba. Ku daidaita kuɗin aiki kafin a kwance noti ɗaya, ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire ka gan shi da idonka.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Bayan kowane canji, koma kan titin da ka yi gwajin farko, da gudu iri ɗaya da giya iri ɗaya, ka kunna na'urar sanyaya mota domin ƙara wa inji nauyi, ka gwada da abin da aka rubuta a takarda. Idan an taɓa shaf ko ƙafar mota, a duba alaimen, kuma bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notunan taya da sifana. Bayan kwana uku a mayar da na'urar sikanin a ga ko wata lamba ta dawo.